Ta'ina da Ƙofar Yaya

Labarin da ke yawo shi ne wai Ta'ina ya taɓu, yana satar ƙofofi. Wai ya tara ƙofa har ɗari a rumfar motar kashe gobara, ta katako gefe guda, ta ƙarfe gefe guda, kuma in ya tashi daga aiki sai ya jera su tsaye ya yi ta bi yana ƙwanƙwasawa yana amsa wa kansa sallama. Wata mai sayar da ƙanƙara ta rantse ta gan shi da ƙofar banki a ka, yana zabga gudu masu gadi na binsa. Wani kuma ya ce ai ba sata ba ce, neman aure ne: tunda zama da mace ya gagare shi, shi ne ya koma wa ƙofa.

To, kowa ya kwantar da hankalinsa. Ɗan gwaggona ne, tare muka sha bulala muna yara, kuma in akwai wanda zai so labarin nan ya zama gaskiya, ni ne. Sai dai ƙarya ce. Ƙofa ɗaya ce tak, kuma ba ta banki ba ce, ta yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Bai yi gudu da ita ba, don gwiwarsa ko zaki ne ya biyo shi sai dai su yi sulhu. A baro aka tura ta. Batun ƙwanƙwasawa kuwa, a bar shi tukuna, za mu zo kansa.

Sunan nan aiki ne ya raɗa masa. Tun gemunsa bai fito ba ya shiga sashen kashe gobara na ƙaramar hukuma, kuma a farkon shigarsa aka kira su wani shagon ɗinki da ya kama da wuta. Ƙofar shagon ciki take buɗewa. Mutanen da ke ciki sun ruga gaba ɗaya sun danne ta da jikinsu, kowa na turawa, ita kuwa ja take so. Abin da ya tarar a bayan ƙofar nan da aka ɓalle ta bai taɓa faɗa wa kowa ba, har ni da nake iya tatsar magana daga bakin dutse. Amma tun daga ranar, duk ɗakin da ya sa ƙafa, kafin ya gama gaisuwa idonsa ya zagaye bango, sai ka ji ya ce a hankali, kamar mai tambayar lafiyar yara, in wuta ta tashi ta ina za a fita.

Ya yi wannan tambaya a wurin biki. Ya yi ta a wurin ta'aziyya, mutane na share hawaye. Ya yi wa likita ita ana shirin cire masa haƙori. Tun ana dariya har aka daina, tun ana gayyatarsa har aka koma cewa ai an aika, wataƙila ɗan aiken ne ya manta. Wa zai so ya shirya taro a zo a nuna masa inda baƙinsa za su mutu? Matarsa ta yi haƙuri ba kaɗan ba. Ta haƙura da kalanzir da aka kore daga ɗaki, ta haƙura da gadon da aka raba da taga, ta haƙura da mijin da ke tashi tsakiyar hira ya je ya shinshina soket. Daga baya ita ma ta gano ta ina ake fita. Ba su haihu ba. Ya rage shi kaɗai a ɗaki ciki da falo, mai ƙofa biyu, kowace na buɗewa waje, ba mai shigowa ta ko ɗaya.

A wurin aiki da can akwai jama'a. Akwai jar mota, akwai direba mai waƙa ba murya, akwai abokan aiki da ke buga kati a kan murfin durom. Sai gwamnatin sama ta leƙo cikin aljihun ƙaramar hukuma ta ga abin da bai yi mata daɗi ba, ta turo kwamitin sa ido, mai sunan takarda da ya fi igiyar shanya tsawo. Kwamiti ya ɗaure bakin jaka. Ba a sayen ko tsintsiya sai an rubuta an jira. Motar tun kafin zuwansu aka ce an kai ta gyara, kuma har yau tana can wurin gyaran da ba wanda ya san hanyarsa. Aka watsa ma'aikata, wasu shara, wasu kasuwa karɓar haraji, wasu suka bi duniya. Ta'ina aka bari, don a dokar gini sai wani ya duba hanyar fita kafin a ba da izini, kuma ba mai son wannan aiki na baƙin jini.

Kullum da safe yakan ja babbar ƙofar rumfa ya buɗe ta gaba ɗaya, kamar motar za ta fito. Ya share ƙasa. A tsakiya akwai baƙin tabon mai inda injin ke ɗiga, kuma in yana shara kewaye shi yake, ba ya takawa. Takalman roba na abokan aikinsa na nan jere a gindin bango, yakan kaɗe su saboda kunama. In waya ta yi ƙara aka ce gobara, sai ya buga wa garin gaba su taimaka da motarsu, shi kuma ya hau keke ya je ya tsaya yana korar 'yan kallo. In ba ta yi ƙara ba, sai ya zauna a benci da rediyo, rigarsa a goge kamar mai jiran baƙo, har inuwar rumfa ta juya.

Gida ɗaya ya rage masa a duniya, shi ne na Yaya. Tana zaune a saman bene cikin gidajen haya na hukuma, da ɗanta da matarsa da jikoki, tana sayar da katifu da matasai. Duk ƙarshen mako can yake cin abinci. Yana da kujerarsa kusa da ƙofa, don bai yarda ya zauna ya ba hanyar fita baya ba. Yana da kwanonsa mai ɗan lotsawa a baki, wanda ko babban baƙo ba a zuba masa a ciki. Ita kaɗai ce ba ta ce masa Ta'ina. Auta take kiransa, da furfurarsa da komai, tana masa faɗan ramewa tana ƙara masa nama. Har mabuɗin gidan ta ba shi, ta ce ko ba na nan ka shiga ka huta. Yana ɗaure da shi tare da na rumfa, kuma bai taɓa amfani da shi ba, sai dai ya ji shi a aljihu.

A gidan nan kaɗai yake haɗiye tambayarsa, kuma a nan ta fi ci masa rai. Kowane gida a benen yana da ƙofar ƙarfe a ƙarshen lungu, mai fita kan matakalar baya. Ta nan ɓarayi suka hawo wata shekara, suka yi wa mijin Yaya dukan da bai ƙara tashi daidai ba har ya koma ga Allah. Ana gama zaman makoki ta kira mai walda ya like ƙofar da ƙarfenta, sama da ƙasa. Ta jibge katifu a lungun har rufi, ta saki labule. Ta'ina ya yi magana sau ɗaya. Ta ajiye ludayi ta dube shi ta ce, "Wuta ba ta taɓa shigo min gida ba, Auta. Mutane ne suka shigo." Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin abincinsa. Amma duk zaman da zai yi yana jin ƙofar nan kamar ciwon haƙori, musamman in ya ga jikoki suna tsalle a kan katifu, soso tsagwaronsa, abin da in ya kama hayaƙinsa kaɗai ya isa.

Ana nan sai wani bene ya ƙone a wani gari, aka yi asarar rayuka, gwamnatin sama ta tashi tsaye. Shugabar kwamiti ta kira Ta'ina ofis. Mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, irin waɗanda in suna kallonka sai ka tuna bashin da ba ka ci ba. Ta ce za su zagaya gidajen hukuma ɗaya bayan ɗaya, shi zai yi gaba, kuma duk gidan da aka samu an toshe hanyar fita za a karɓe shi a ba wani. Masu jiran gida, in ji ta, sun fi gidajen yawa.

Da yamma ya je ya faɗa wa Yaya. Ba ta ko daina ɗinkin matashin da ke cinyarta ba. Ta ce ai abin mai sauƙi ne: ga labule, ga katifu, wa ya san da ƙofa a wurin? Shi ne zai yi gaba, sai ya nuna musu falo da kicin ya wuce da su. Ta ce ba ta taɓa roƙonsa komai ba tun da ta goye shi yana mata fitsari a baya. Ya ce Yaya, zanen benen yana hannunsu. Ta ce zane ba ya hawa bene.

Gaskiyarta, zai iya wucewa da su. Gidajen da yawa, matar kuma ƙafa gare ta kamar kowa, za ta gaji. Ya yi ta juya abin yana zaune gaban tabon mai. In ya yi shiru aka gano, Yaya ta rasa gida. In ya yi shiru ba a gano ba, to ya sa hannu a kan ƙofar da ta fi ta shagon ɗinki muni, don waccan ko ba komai tana buɗewa. In kuma ya faɗa, shi ne ƙanen da ya fitar da yayarsa titi. Sai ya samo dabara ta huɗu, irin dabarar da sai mutumin da ya daɗe ba ya shawara da kowa ke samowa.

Ana gobe zagaye, Yaya ta tafi saro kaya, sauran mutanen gida kowa ya kama gabansa. Ta'ina ya ɗauko mai walda, ya ciro mabuɗin nan, ya buɗe gidan da shi a karo na farko. Niyyarsa 'yar ƙarama ce: a yanke likin, a sa mai a hinji, wato ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kai, a mayar da ƙofa tana buɗewa, Yaya ta dawo ta yi faɗa ta huce. Suka kwashe katifu zuwa falo. Mai walda ya yanke sama, ya yanke ƙasa, ashe hinjin tsatsa ta gama da su tuntuni, likin ne kaɗai ke riƙe da ƙofar. Ta tafi gaba ɗaya ta faɗi kan matakala da ƙarar da ta tashi tsuntsayen unguwa uku. Suna cikin kallon kallo aka ɗauke wuta. Mai walda ya naɗe wayoyinsa ya ce sai an kawo, kuma ko an kawo sai an samo sababbin hinji.

Duk mai hankali a nan zai jingina ƙofar a bakin ramin, ya tokare ta da wani abu, ko ba komai ta rufe ido. Ta'ina ya gwada, ya ja da baya ya duba, ya ga ƙarfe jingine a kan matakalar fita, wanda in aka turo shi zai faɗa kan na gaba. Rayuwarsa duka ya yi ta yana hana mutane ajiye ko bokiti a matakala. Zuciyarsa ta ƙi. Ya nemo mai baro aka ɗora, suka ratsa tsakiyar kasuwa da rana tsaka, shi a gaba cikin kakinsa yana cewa a ba da hanya. Daga nan ƙofa ɗaya ta fara haihuwa a bakin mutane har ta kai ɗari.

Yaya ta dawo ta tarar da falonta ya zama dutsen katifu, ta leƙa lungu ta ga sararin sama da wayoyin lantarki inda bango ya kamata ya kasance. Shi kuma yana tsaye a gefe yana jiranta, da bayaninsa a shirye tun daga hinji. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta tsaya tana kallon matakalar, wadda rabonta da ganinta tun ranar da aka sauko da mijinta ta kanta. Ta miƙa masa hannu a buɗe ta ce, "Mabuɗina." Ya yi ta kokawa da zoben, farcensa ya ƙi shiga. Da ya ba ta, ta ce, "Sauka ta wadda ka buɗe, malam ma'aikaci. Ta gaba ta 'yan uwa ce."

Washegari shugaba ta hau benen, ta tsaya a bakin ramin, ta shafa sabon yankan da yatsa. Ta tambaya gidan wa, ya ce na yayata. Ta tambaya yaushe aka cire, ya ce jiya. Ta ce hanya dai a buɗe take, ba za ta karɓi gida ba, amma rami ba ƙofa ba ne, kuma ƙofar kayan hukuma ce, tana ina? Ya kai ta rumfa ya nuna mata, ga ta kwance a kan tabon mai. Ta cire tabarau ta goge. Ta ce sun zo neman mota sun samu ƙofa, to Allah ya sa albarka. Ta ce ya mayar da ita yadda doka ta tanada, kuma kada ya rubuto neman ko ƙusa ɗaya, don ya san halin da jaka ke ciki.

Gida ya tsira, shi ne bai tsira ba. Yaya ta sa aka jawo kabad aka toshe ramin, kuma labari ya iske shi cewa ba ta barci, motsi kaɗan ta zabura, ta rame har zobe na faɗuwa daga yatsanta. Da ƙarshen mako ya zo, ya goge riga don sabo, ya kama hanya, sai da ya hango benen ya tuna. Ya tsaya a bakin shagon mai faci kamar yana duba taya. Ya juya, ya sayi burodi, ya koma rumfa ya ci a benci. Rediyo ma ranar batir ya ƙare.

Sai ya duƙufa kan ƙofar. Ya kankare tsatsa har yatsunsa suka fashe. Ya tono tarkacen da mota ta bari a baya, ya samu guntun ƙarfen tsani da wani sifirin, mai walda ya tausaya ya riƙa leƙowa in ba shi da aiki. Abin da yake so ƙofa ce da za ta amsa tsoro biyu, nasa da na Yaya. Daga ciki sandar ƙarfe a gicciye, wadda ko jika ya faɗa kanta za ta saki ta buɗe waje. Daga waje kuwa sumul, ba mariƙi, ba ramin mabuɗi, ba inda ɓarawo zai sa ko farce. Ya tsayar da ita a tsakiyar rumfa cikin firam na katako yana gwadawa, ya tura ya fita, ya zagayo, ya tura ya fita.

Yanzu mun zo kan ƙwanƙwasawa. Na je rumfar wata rana da niyyar tsokana, na same shi tsaye ta wajen ƙofar, ba abin da ke bayanta sai takalman roba. Ya ƙwanƙwasa a hankali. Ya tsaya, kansa a karkace, kamar mai sauraron takun da ya sani. Bai amsa wa kansa sallama ba, wannan ƙari ne na mutane. Jira kawai ya yi. Na koma da tsokanata a aljihu.

Ranar mayarwa ni na taya turin baro, don a samu shaida. Ɗan Yaya ya janye kabad, ita kuwa tana kicin, ba ta fito ba, sai ƙarar tukwane da ta fi ta kullum. Mai walda ya kafa hinji daga ciki, ya tattara kayansa ya fita ta gaba. Ta'ina, da yake an haramta masa ciki, yana kan matakala tun farko. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya tura ƙofar da tafin hannu don ya ji yadda za ta kama. Ta kama ƙas. Ya tsaya yana kallon aikinsa, ƙarfe sumul daga sama har ƙasa, ba ta inda ɓarawo zai shiga, ba kuma ta inda ƙane zai shiga. Ya ɗaga hannu. Ya sauke. Ya zauna a kan matakala ya rungume gwiwarsa mai ciwo.

Mun daɗe a haka, shi a sama ni a ƙasa, har ƙamshin miya ya fara saukowa yana cin mutuncinmu. Can sai ƙofa ta wangale. Yaya ce, hannuwanta biyu riƙe da kwano, da ƙugu ta taɓa sandar, kuma sauƙin buɗewar ya sa ta kusa biyo kwanon waje. Ta tsaya ta daidaita. Ta leƙa bayan ƙofar, ta bi ta da ido tana neman mariƙi, ba ta samu ba. Ta ƙwanƙwasa ƙarfen da zobenta ta ji kaurinsa. Ba ta dubi ƙanenta ba. Ta dire kwanon a gefensa, mai lotsawar nan a baki, sannan ta zare silifas ɗinta ɗaya ta cusa a gindin ƙofar don kada ta rufe.

Tana juyawa ta ce, "In ka gama, Auta, ba a bar min kwano a matakala. Doka ta hana."

Ta shige da ƙafa ɗaya ba takalmi. Ta tsagar ƙofa ana jin jikoki na rigima a kan talabijin. Ta'ina ya dubi silifas ɗin. Na san abin da ke ransa, don ya sha ƙwace duwatsu da takalma daga gindin irin waɗannan ƙofofi, yana cewa ƙofar da aka tokare ba ƙofa ba ce. Hannunsa ya tafi ya kusa taɓawa, ya dawo ya buɗe kwano. Ya gyara zama ya fuskanci cikin gida, ya ba matakalar fita baya, abin da ban taɓa gani ba tun muna samari.

Na hau na tsuguna kusa da shi, na ce sannu ɓarawon ƙofa, an mayar da kai kyanwar gida ana ajiye maka abinci a bayan ɗaki. Na ce mutanen gari na gaishe ka, suna tambaya yaushe za ka dawo musu da sauran casa'in da tara. Na ce kuma ni tambaya ɗaya gare ni, ranka ya daɗe, mai gidan gobara ba mota: yau ta ina za a shiga?

Ya tauna, ya haɗiye, ya janye kwanon daga inda hannuna ke lallaɓowa.

"Tunda nake, ƙofa nake buɗewa," in ji shi. "Guda ɗaya ce a garin nan zan biya mai walda da aljihuna ya like ta sama da ƙasa, kuma ita ce bakin nan da kake min magana da shi. Cire hannunka a kwanona."